Takobin Bango ko Takobin Hannu: Abin da Kuɗinka Ke Saya a Kasuwar Intanet

Wanda ya shiga AliExpress, Amazon, eBay ko Temu yana neman takobi zai tarar da kaya jibge a gabansa: katanar Japan mai baƙin kube, dogon takobin mayaƙan Turai na zamanin da, lanƙwasasshen takobin Turkawa wanda fina-finan tarihin Daular Usmaniyya suka cusa wa matasa sha'awarsa, kwaikwayon Zulfiƙar mai baki biyu, da takobin Larabawa mai kwalliyar zinariya irin wanda alhazai kan dawo da shi tsaraba. Farashi yana farawa daga abin da bai kai dala 40 ba, ya haura har ɗaruruwan daloli, amma a hoto dukkansu sheƙi ɗaya suke yi, kalaman yabon da ke ƙarƙashinsu ma kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana ɓoye a wurare biyu da kyamara ba ta nunawa, wato cikin ƙota da cikin jikin ƙarfen kansa, kuma a kansu ya kamata mai saye ya yanke shawara.

Kayan da mai matsakaicin aljihu zai iya kaiwa gare su iri uku ne. Akwai takobin ado tsantsa, wanda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa aka zuba masa ƙota ta tutiya, galibinsa daga masana'antun ƙasar Sin ko garin Wazirabad na Pakistan, masu ɗan dama a cikinsu kuma daga Toledo ta Sifen. Akwai takobin baƙin ƙarfe mai sauƙin kuɗi, wanda aka gina a kan tsarin takobi na gaske, mafi yawansa daga Longquan a lardin Zhejiang na Sin ko daga Indiya. Sai na uku, wanda mai latsa waya yakan manta da shi, wato takobin maƙeran gida na Kano ko Agadas, wanda shi ma yanzu ana tallarsa a Facebook da Instagram. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa ado ne kaɗai abin da araha ta iya, saboda haka sai mai saye ya fara tabbatar wa kansa cewa adon kaɗai yake bukata.

Ruwan takobi ba ya ƙarewa a bakin ƙota. Yana da wutsiya da ke zarcewa cikin mariƙin har ƙarshensa, kuma duk nauyin sara da duk girgizar da ke biyo bayan bugu a mahaɗar wutsiya da ruwa suke taruwa. A takobin da aka ƙera don a riƙe shi, ruwa da wutsiya ƙarfe guda ne, wutsiyar tana da faɗi daga tushe tana sirancewa a hankali, sannan a fito da bakinta ta cikin dunƙulen da ke ƙarshen ƙota a daddake shi da masaba har ya baje ya kama komai. Katana hanyarta daban ce: wutsiyarta mai faɗi tana shiga ƙotar itace da aka fafe daidai girmanta, a soke su tare da ƙusar gora ɗaya ko biyu, ta yadda mai ita zai iya fitar da ƙusar ya zare ƙotar ya duba abin da ke ciki.

A takobin ado mai araha ba haka ake yi ba. Ana yanko ruwan daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a bar masa ɗan guntun wutsiya, sai a kawo siririn rodi mai zaren noti, wanda kaurinsa bai wuce na fensir ba, a liƙa masa da walda. Daga nan a zura makarin hannu da mariƙi, a ɗaure su da noti daga baya. Masu tara takubba suna kiran wannan wutsiyar ɓera, kuma ita ce babbar illar waɗannan kaya, domin waldar ta faɗo daidai wurin da ya fi ko'ina shan wahala, zafinta kuma ya riga ya raunana ƙarfen da ke gefenta. Ba sai an sari komai ba kafin ta karye. Idan mutum ya wurga hannu da ƙarfi a iska ya tsayar nan take, nauyin ruwan zai ci gaba da tafiya, kuma idan waldar ta saki, ƙota ce za ta rage a hannunsa, ruwan ya tashi ya nufi duk wanda ke tsaye a gabansa. Ko takobin ba shi da kaifi, tsinin ƙarfe mai tsawon santimita 70 da ya kuɓuce da gudu ya isa ya yi mummunan rauni.

Ganin noti a ƙarshen ƙota shi kaɗai ba hujja ba ce cewa takobi ba shi da kyau, domin akwai masana'antun kirki da ke yanka zaren notin a jikin wutsiyar kanta ba tare da walda ba. Abin da ya kamata mai saye ya yi shi ne ya nemi dillali ya turo masa hoton ruwan tsirara, ba ƙota. Masu sayar da katanar baƙin ƙarfe sukan sa irin wannan hoton da kansu, saboda abin tinƙaho ne a wurinsu. Dillalin da ya yi ta zagaye-zagaye, ko ya ce ƙotar ba ta cirewa saboda an cika ta da gam, ya riga ya ba da amsa. A lura kuma da ƙusar gora ta ƙarya: wasu katanun ado suna da ɗan kan ƙusa da aka manna a jikin ƙota don kwalliya, alhali bai ratsa komai ba.

Ƙarfen kansa shi ne abu na biyu. Lambobin 420 da 440 da ake gani a tallan takubban ado sunayen ƙarfen da ba ya tsatsa ne, wanda abin da ke hana shi tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam mai yawa, kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari a 420, kashi 16 zuwa 18 a dangin 440. Wannan ƙarfe ne mai kyau ga wuƙar kicin da almakashi, inda ruwan gajere ne. Idan ruwa ya yi tsawon takobi kuwa, sai matsala ta fito ta ɗayan fuska biyu: in an taurara shi, yakan yi gautsi ya karye da bugu ɗaya maimakon ya lanƙwasa ya dawo, in an bar shi da laushi don gudun karyewa, ba ya riƙe kaifi, kuma da zarar ya lanƙwashe a nan zai zauna. Shi ya sa masu harkar suke ɗaukar cewa duk ruwan da ya wuce kimanin santimita 30 bai kamata a yi shi da wannan ƙarfe ba idan ana nufin a yi aiki da shi. Akwai wani tsohon faifan bidiyo da ya daɗe yana yawo, na wani mai talla a tashar cinikayya ta talabijin a Amurka, wanda ya buga irin wannan katana a kan tebur don ya nuna wa masu kallo ƙarfinta, sai ta karye, guntun ya dawo ya soke shi ana cikin watsa shirin.

Duk da haka, a ba shi haƙƙinsa. Idan maganar ƙarko a jikin bango ake yi, ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Zai shekara da shekaru a rataye a falo yana sheƙi, abin da yake bukata kawai a share masa ƙura da tsumma. Baƙi za su taɓa shi da hannu mai gumi, damina za ta zo ta wuce, bai canja launi ba.

Takobin baƙin ƙarfe ana gane shi da lambobi irin su 1045, 1060 da 1095, kuma lambobi biyu na ƙarshe suna nuna yawan sinadarin kabon: kashi 0.45, 0.60 da 0.95 cikin ɗari. Na 1045 shi ne matakin ƙasa, mai sauƙin sarrafawa da sauƙin kuɗi, ba ya riƙe kaifi sosai amma ba ya saurin karyewa. Na 1060 ya fi daidaito tsakanin tauri da juriya, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da wanda zai sayi takobinsa na farko. Na 1095 da ɗan'uwansa T10 suna yin kaifi ƙwarai, sai dai ba su yafe kuskure, na mai ƙira ko na mai sara. Akwai kuma dangin ƙarfen sifirin irin na mota, wato 5160, 9260 da 65Mn, waɗanda suka fi kowa iya lanƙwasawa su dawo miƙe. Galibi irin waɗannan takubba suna farawa ne daga wajen dala 100 zuwa sama, kafin a sa kuɗin dako. Kamfanin Windlass da ke Dehradun a Indiya, wanda ya fara aiki tun 1943 da ƙera wuƙaƙen sojojin Gurkha, da Hanwei na ƙasar Sin, suna cikin sunayen da aka daɗe da sani a wannan mataki, ko da yake kayansu sun ɗara na shagunan Longquan marasa suna tsada.

Lamba dai rabin labari ce. Ƙarfe ba ya zama takobi sai an gasa shi ya kai wani zafi, an tsoma shi a mai ko ruwa ya taurara, sannan a sake ɗumama shi a hankali don a rage masa gautsi. Idan aka yi gaggawa a wannan aiki, 1095 zai iya fitowa ya kasa 1045 da aka bi a tsanake. Ma'aunin taurin da dillalai ke rubutawa shi ne na Rockwell, kuma takobi irin na Turai yakan zauna wajen 50 zuwa 55, katanar da aka taurara ta hanyar gargajiya kuma kaifinta yakan kai wajen 60, gadon bayanta wajen 40. Dillalin da ya faɗi lambar ƙarfe da ma'aunin tauri ya ba mai saye abin da zai kama shi da shi. Wanda ya tsaya a kan cewa ƙarfen mai inganci ne, ko na hannu ne, ko a shirye yake don fagen fama, bai faɗi komai ba, domin babu wata hukuma da ke tantance waɗannan kalamai, kowa yana iya rubuta su.

Kuɗin da baƙin ƙarfe ke karɓa bayan saye shi ne kulawa. Yana tsatsa, kuma da wuri. Yatsa ɗaya mai gumi da aka ɗora a kan ruwan aka mayar kube ba a goge ba zai iya barin shatinsa ja cikin 'yan kwanaki, musamman a watan Agusta lokacin da danshi ya cika ɗakuna, balle ga mazauna Legas, Akara ko Duwala da iskar teku ke kaɗa musu. Maganin ba shi da tsada: a goge ruwan da tsumma mai tsabta, a shafa masa man keken ɗinki kaɗan, a maimaita lokaci-lokaci, a ƙara yawan yi da damina. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, saboda suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙura. Kada kuma a bar shi wata da watanni a cikin kuben fata, domin fata tana riƙe danshi, sinadaran jima kuma suna cin ƙarfe. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima ba, kuma bango kawai yake so ya ƙawata, bai kamata ya ƙara kuɗi ya sayi abin da zai lalace a hannunsa ba.

A takobin ado, abin da ke fara tsufa ba ruwan ba ne, kayan jikinsa ne. Makarin hannu da dunƙulen ƙota, da duk zanen zaki ko macijin da ke kansu, yawanci tutiya ce da aka gauraya da ɗan alminiyam aka narka aka zuba a mazubi, sannan aka yi mata fenti ko aka shafa mata launin tagulla ko zinariya. Tutiya tana fitar da zane da kyau, amma idan takobin ya faɗo daga bango a kan tayil, ba lanƙwashewa take yi ba, ɓallewa take yi, kuma mai waldar bakin titi ba zai iya haɗa ta ba. Inda hannu ke yawan taɓawa, launin yakan goge, tokar da ke ƙasa ta bayyana. Maganaɗisu yana taimakawa a nan: idan bai kama makarin hannu ba, to tutiya ce ko tagulla, kuma ɗan karce a ɓoyayyen wuri zai nuna wacce ce, tun da tagulla ta gaske launinta ɗaya ne ciki da waje. Amma maganaɗisu ba ya raba gardama a kan ruwan, domin 420 da 440 suna kama shi kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi.

Kube da naɗin ƙota su ne suka fi shan wuya a yanayin ƙasarmu, kuma a nan takobin dala 40 da na dala 120 ba su da nisa da juna kamar yadda ake zato. Fatar roba da ake lulluɓe kube da ita tana ɓarewa bayan ta sha zafin bazara sau biyu ko uku, gam ɗin da ke riƙe zobban kube yakan saki, igiyar da aka naɗe ƙotar katana mai araha da ita kuma takan yi sako-sako ta zame idan ba a ja ta da kyau tun farko ba. Itacen kuben da aka fafe a wuri mai danshi kamar kudancin Sin, idan ya gamu da hunturun Kano ko Maraɗi, yakan bushe ya motsa, wani lokaci ya tsage, wani lokaci bakinsa ya daina riƙe ruwan, har ya zama da an karkata shi ƙasa takobin ya sulluɓo da kansa. Wannan gyaransa mai sauƙi ne, siririn ɓawon itace ake mannawa a cikin bakin kuben, amma gara a san da shi kafin ya faɗo wa yaro a ƙafa.

Nauyi ma yana tona asiri. Takubban tarihi ba su da nauyin da mutane ke tsammani: na Turai mai hannu ɗaya yakan kasance tsakanin kilo 1 da kilo 1.5, katana kuma ba ta cika wuce kilo 1 da ɗan kai ba. Sirrin shi ne ruwan yana da kauri kusa da ƙota, yana raguwa zuwa tsini. Takobin da aka yanko daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe kaurinsa ɗaya ne daga tushe har baki, shi ya sa yake rinjayar hannu zuwa gaba, yake kuma ƙara wa raunanniyar wutsiyarsa wahala.

Abubuwa biyu ne dillalai suka fi ƙara kuɗi da su, kuma dukkansu suna bukatar ido. Na farko shi ne farin layin nan mai kama da gajimare da ke bin kaifin katana. Na gaskiya yana fitowa ne idan aka shafa yumɓu a gadon bayan ruwa kafin a tsoma shi, kaifin ya huce da sauri ya taurara, bayan ya huce a hankali ya zauna da laushi. Layin da ke tsakaninsu ba ya maimaita kansa daidai wa daida, kuma yana sauya kama idan aka juya shi a haske. Na ƙarya da burushin waya ko ruwan asid ake zana shi, tudu da kwarinsa duk girmansu ɗaya, karcen burushin ma ana ganinsa idan aka matso. Rashin layin kuma ba aibi ba ne, domin ruwan da aka taurara gaba ɗayansa ya fi jure wa hannun ɗan koyo. Na biyu shi ne abin da ake kira ƙarfen Dimashƙa, mai zane kamar gudanar ruwa. Na asali, wanda aka yi da ƙarfen da ake narkawa a Indiya, ya daɗe da barin kasuwa. Na yanzu ƙarfe iri biyu ne ake jerawa a ninka. Idan gwani ya yi shi, abu ne mai kyau da tsada. Idan aka same shi a takobin dala 60, ko dai zane ne kawai a fatar ƙarfen, ko kuma tarkacen da ba a san asalinsu ba aka haɗa, waɗanda kan rabu a tsakanin ninki. Maƙeran Japan na da suna ninka ƙarfe ne don su tace wanda suke da shi, ƙarfen masana'anta na yau kuwa ninki ba ya ƙara masa ƙarfi ko kaɗan.

Wannan ne ya sa nake ganin takobin adon da ya faɗi gaskiyar kansa ya fi wanda ke kwaikwayon jarumta. Kamfanin Denix da ke tsibirin Menorca da Marto na Toledo suna sayar da kayansu a matsayin na ado, ba su da kaifi, gamawarsu tana da tsabta, kuma ba su yi wa kowa alkawarin sara ba. A Japan ma, takobin atisayen da ɗaliban wasan takobi ke amfani da shi da gaurayen alminiyam da tutiya ake yin ruwansa, ba ya wasuwa, kowa kuma ya san iyakarsa. Mafi hatsari shi ne na tsakiya: mai araha, mai wutsiyar ɓera, wanda aka wasa masa kaifi aka rubuta cewa na yaƙi ne.

Takobin gida yana da nasa lissafin. Ƙasar da ke ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajidda a fadar Daura, da Gajere a fadar Katsina, ba baƙuwa ba ce ga wannan sana'a, kuma siffar takobinmu sananniya ce har a wurin masu tara kayan tarihi na Turai: miƙaƙƙen ruwa mai kaifi biyu, kwaruruka suna bin tsakiyarsa, makarin hannu mai faɗi da aka lulluɓe da fata ko tagulla, da kuben da dukawa suka ɗinka aka rataya da hamila. Maƙeri nagari yakan yi ruwan da tsohon sifirin mota, wanda danginsa ɗaya da ƙarfen da masana'antun waje ke taƙama da shi, yakan kuma daddake bakin wutsiya a ƙarshen ƙota kamar yadda aka gada. Babbar fa'idarsa ita ce mai saye zai iya cewa a nuna masa ruwan kafin a sa ƙota, ya faɗi tsawon da yake so, kuma duk ranar da wani abu ya saki, wanda ya yi shi yana nan kusa. Fatar akuya da aka jeme a gida ta san hunturu da bazara, ba ta ɓarewa kamar roba.

Ba kowane takobin gida ne haka ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake jerawa a Kasuwar Kurmi da shagunan kayan tsaraba don baƙi aka yi su, kube ya sha ado amma ruwan ƙarfe ne mai laushi da bai ga horon wuta ba, wutsiyarsa ma siririya. Gwajin ba shi da wuya idan kayan na hannu: a dafa tsinin a kan katako a ɗan danna a hankali, ruwa mai kyau zai lanƙwasa kaɗan ya dawo miƙe, mara kyau zai zauna a karkace, magagari kuma yana cin ƙarfe mai laushi ba gardama. Sai batun tsufa. Gaskiya ne cewa tsofaffin takubban Sahara da ƙasar Hausa da yawa ruwansu daga Turai ya zo, musamman Solingen ta Jamus, amma maƙeran gida sun daɗe suna kwaikwayon tamburan da ke jikinsu, irin su jinjirin wata biyu, saboda haka tambari da tsatsa ba su isa a biya kuɗin kayan tarihi ba. Wanda ya sayi takobin gida ta hoto kawai, ba tare da bidiyon gwaji ko wani nasa ya je ya duba ba, ya zubar da fa'idar da ta sa ya fi na waje.

Kafin a biya kuɗi, a lissafa hanya. Kwalin takobi yakan wuce mita ɗaya, kamfanonin jigila kuma suna cajin girman kwali ba nauyi kaɗai ba, har ya zama dakon takobi mai araha ya yi kusa da kuɗinsa ko ya fi shi. Idan ya iso a karye, mayar da shi Sin ko Pakistan ba abu ne mai yiwuwa ga yawancin mutane ba. Kamfanonin jigila da dama ba su ɗaukar makami mai kaifi, jami'an kwastan kuma suna da ikon tsare shi, don haka a tambaye su tun kafin a yi oda. Masu bi da kayansu ta adireshin Ingila su sani cewa tun 2008 dokar can ta hana sayarwa da shigo da lanƙwasasshen takobi mai ruwan santimita 50 ko fiye, in ban da wasu keɓaɓɓu kamar wanda aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya, kuma katanun kwaikwayo masu araha ne dokar ta fi nufa. Daga 1 ga Agusta 2025 an ƙara da haramta takubban ninja. A gida ma, yawo da takobi a titi ba tare da dalili ba yana jawo tambayar 'yan sanda, musamman a lokutan Sallah da ake gargaɗi kan ɗaukar makamai saboda 'yan daba.

Idan aka ɗora ukun a kan bukata, zaɓin yana fitowa fili. Mai son ƙawata falo ko ofis, ko mai neman kyautar da za a sa a akwatin gilashi, ya sayi na ƙarfen da ba ya tsatsa, mara kaifi, daga dillalin da ya kira shi na ado, ya kwantar da shi a kan maratayi biyu maimakon ya rataye shi ta ƙota, kuma kada ya sa shi saman kujera ko gado. Mai son ya riƙa zarewa yana juyawa, ko ya koyi sara a kan gorar ruwa ta roba, kada ya sauka ƙasa da baƙin ƙarfe mai cikakkiyar wutsiya, in da hali 1060 ko ƙarfen sifirin, ya kuma yarda da hidimar mai da tsumma. Masu shirin fim da wasan kwaikwayo, inda takobi zai haɗu da takobi, babu ɗaya cikin waɗannan da ya dace da su. Na itace ko na alminiyam mara kaifi da mara tsini ake yi wa wannan aiki.

Mahayin da zai fita hawan Sallah shi ne wanda na fi ji wa tsoron takobin intanet. A wajen jafi, doki yana zuwa a sukwane, a ja linzami ya tsaya cak, hannu na sama da takobi zare, jama'a kuma a cunkushe gaba da gefe. Wannan tsayawar farat ɗaya ita ce ainihin abin da wutsiyar ɓera ba ta jurewa. Ga wannan bukata, takobin maƙeri da aka ga wutsiyarsa da ido, aka dakushe kaifinsa, ya fi dacewa da kayan doki da rawani, ya kuma fi aminci. Wanda ya riga ya sayi na waje kuma yana so ya san matsayinsa, ya riƙe ƙotar ya ɗan bugi gefen ruwan da tafin hannu: idan ya ji ƙara ko girgiɗi a makarin hannu, ya kwance notin baya ya zare mariƙin ya duba. In ya ga dunƙulen walda tsakanin ruwa da siririn rodi, ya mayar ya ɗaure ba tare da matsewa da yawa ba, ya kai shi bango, ya kuma gaya wa yaran gida cewa ba a saukowa da shi.